Ƙafar Kwatabak da Hannun Mai Haraji

 

Wasan da zan yi magana a kansa yau ba namu ba ne. Na Amurkawa ne, wanda ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai, da hular kwano a ka da sulke a kafaɗa, hannu kuma ya fi ƙafa aiki a cikinsa. Tambayoyi biyu zan bi. Ta farko, saurayin da ya yi suna a jami'a a matsayin kwatabak mai gudu, me yake tararwa idan ya nemi shiga gasar ƙwararru ta NFL? Ta biyu, idan jarida ta ce an ba shi dala miliyan kaza, nawa ne ke isa aljihunsa? Galibi akan raba su, a bar wa masu horarwa ta farko, a bar wa akantoci ta biyu. Ni a ganina ba sa rabuwa, kuma abin da zan yi ƙoƙarin nunawa ke nan.

Ga waɗanda ba su saba kallon wasan ba, a taƙaice: kowane ɓangare yana da mutum goma sha ɗaya a fili, tsawon filin yadi 100 ne tsakanin layin ci biyu, kuma masu hari suna da dama huɗu su ci yadi goma gaba, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kwatabak shi ne madugun masu hari. Shi ake miƙa wa ƙwallo a farkon kowane yunƙuri, shi ke yanke shawara cikin daƙiƙa biyu zuwa uku: ya jefa ta ga mai cafkewa, ko ya damƙa wa mai gudu, ko ya ruga da ita da kansa. Babu matsayin da ya kai nasa tsada a wasan.

Shekaru da yawa, abin da masu ƙungiyoyi ke nema shi ne dogon mutum mai sanyin kai wanda zai tsaya cak a bayan ƙartin da ke kare shi, ya karanci fili, ya yi jifa. Tom Brady shi ne cikar wannan siffa. A gwajin gudun yadi 40 da ake yi wa masu neman shiga gasar, sai da ya ɗauki fiye da daƙiƙa biyar, abin da ko wasu ƙartin layi sukan fi shi. Shi ne na 199 da aka ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar 2000, amma ya ci Super Bowl, wato kofin gasar NFL, sau bakwai, ya yi wasa har ya kai shekara 45.

To me ya kawo mai gudu? Lissafi ne tsagwaronsa. Idan kwatabak ya damƙa wa wani ƙwallo ya koma gefe yana kallo, masu hari sun zama goma, masu tsaro kuwa suna nan goma sha ɗaya. Kullum akwai mai tsaro ɗaya da ba wanda ya tare shi. Amma idan kwatabak ɗin da kansa barazana ne, lissafi ya daidaita. Masu horarwa a jami'o'i suka gina dabara a kan wannan: kwatabak ya ɗora ƙwallo a cikin mai gudu amma bai saki ba, idonsa yana kan mai tsaro guda na gefe wanda aka ƙyale da gangan. In wancan ya bi mai gudu, sai kwatabak ya zare ƙwallo ya bi ta gurbin da ya bari. In ya tsaya yana jiran kwatabak, sai a sakar wa mai gudu. Duk wanda ya zaɓa, ya zaɓi kuskure. An kawar da mutum ɗaya daga wasa ba tare da an taɓa shi ba.

A jami'a wannan dabara tana cin kasuwa, domin ƙungiyoyin babban rukuni sun haura 130, kuma yawancin masu tsaron da ke cikinsu ba za su taɓa cin abinci da ƙwallo ba. Yaro mai saurin gaske zai yi ta zille musu. NFL kuwa ƙungiya 32 ce kacal, kowane mai tsaro a cikinta shi ne zakaran makarantarsu. Giɓin da ke buɗe na daƙiƙa guda a jami'a, a nan kafin ka ɗaga ƙafa ya rufe. Shi ya sa jerin waɗanda suka ci kyautar Heisman, wadda ake ba gwarzon ɗan wasan jami'a, yake cike da masu gudun da gasar ƙwararru ta juya wa baya. Charlie Ward ya ci ta a 1993, ba ƙungiyar da ta ɗauke shi, sai ya tafi ƙwallon kwando ya yi shekaru a New York Knicks. Eric Crouch ya ci ta a 2001, ƙungiyar Rams ta ɗauke shi amma a matsayin mai cafke ƙwallo. Tim Tebow ya ci ta a 2007, Denver ta ɗauke shi a zagayen farko a 2010, har ya kai ta ga doke Pittsburgh a wasan sili-ɗaya-ƙwale a Janairun 2012, amma jifansa bai taɓa zama daidai ba, kuma kafin a je ko'ina ya rasa gurbi.

Sai dai ba zan yaudare ku in ce lissafin fili kaɗai ke aiki ba. Akwai launin fata a cikin tarihin nan. Fran Tarkenton da Steve Young farare ne, sun yi gudu da ƙwallo, kuma a matsayin kwatabak suka yi wasansu a NFL. Marlin Briscoe baƙar fata ne. A 1968 ya jagoranci harin Denver, ya jefa ƙwallon ci 14 a shekararsa ta farko, amma shekarar da ta biyo baya sai ga shi a Buffalo yana cafke ƙwallon da wani ya jefa. Warren Moon da ya gama jami'a a 1978 ba wanda ya ɗauke shi, sai da ya tafi Kanada ya ci kofin ƙasar sau biyar a jere tare da Edmonton kafin Houston ta neme shi a 1984. An daɗe ana yaba wa baƙin ɗan wasa da cewa jikinsa na da kyau, da nufin a ce kansa bai isa jagoranci ba. Sai a Fabrairun 2023 aka ga wasan Super Bowl na farko da baƙaƙen kwatabak biyu suka jagoranci ɓangarorin biyu, Patrick Mahomes da Jalen Hurts.

Michael Vick ne ya fara tsaga bangon sosai. Atlanta ta ɗauke shi na ɗaya a 2001, kuma a 2006 ya zama kwatabak na farko da ya ci fiye da yadi 1,000 da ƙafarsa a kaka guda. Duk da haka tsohon tunani bai mutu ba. A farkon 2018, lokacin da Lamar Jackson na jami'ar Louisville ke shirin shiga gasar, Bill Polian, tsohon manajan da ake ji da shi ƙwarai, ya fito a talabijin ya ba shi shawara ya koma mai cafke ƙwallo. Jackson ya ƙi. Ya ma ƙi yin gwajin gudun yadi 40, don kada a samu abin kafa hujja. Aka ɗauki kwatabak huɗu kafin shi, sai a gurbi na 32, na ƙarshe a zagayen farko, Baltimore Ravens ta ɗauke shi. A 2019 ya ci yadi 1,206 da gudu, ya fi kowa jefa ƙwallon ci a gasar, aka zaɓe shi gwarzon shekara ba tare da ƙuri'a ɗaya ta kauce masa ba. Ya sake cin kyautar a 2023. Josh Allen na Buffalo ya ci ta a 2024. Hurts, wanda sai a zagaye na biyu aka ɗauke shi a 2020, ya ɗaga kofin Super Bowl da Philadelphia a Fabrairun 2025. Jayden Daniels ya shigo Washington a 2024 ya kai ta dab da wasan ƙarshe a shekararsa ta farko.

Saboda haka ƙofa ta buɗe, har ma ta yi faɗi da yawa. Yanzu ƙungiyoyi na yin caca da mai gudu fiye da kima. San Francisco ta sarayar da manyan guraben zaɓenta don ta ɗauki Trey Lance na uku a 2021, wasa huɗu kawai ya fara mata kafin ta sallama shi ga Dallas. Indianapolis ta ɗauki Anthony Richardson na huɗu a 2023, alhali wasa 13 kacal ya taɓa farawa a jami'a. Justin Fields ya ci yadi 1,143 da gudu a Chicago a 2022, bayan kaka ɗaya aka musanya shi da gurbin zagaye na shida. Abin da ya raba Jackson da Allen da Hurts da waɗannan shi ne sun koyi jifa daga cikin layi, sun koyi karanta tsaro kafin a taɓa ƙwallo. Ƙafa tana sayo wa yaro lokaci, shekara biyu ko uku da zai ci wasanni da ita yana koyon sauran aikin. In bai koya ba a cikin wannan tazara, shi ke nan.

Yanzu ga maganar rauni, wadda nake ganin ana yawan faɗinta ba daidai ba. Akan ce mai gudu ya fi jin ciwo. Amma mai tsayawa ma ba ya tsira. Brady ya tsinke jijiyar gwiwa a 2008 yana tsaye a bayan layinsa. Joe Burrow haka a 2020. Aaron Rodgers ya tsinke agara a yunƙuri na huɗu na wasansa na farko a New York Jets a 2023. Bugun da ba ka ga zuwansa ba sau da yawa ya fi wanda ka gani muni, kuma mai gudu mai wayo yakan zame ƙasa ko ya fice daga fili kafin a cim masa. Bambancin yana ga abin da raunin ke ɗaukewa. Brady ya dawo bayan shekara guda da hannunsa da kansa yadda suke, ya ƙara kofi huɗu. Robert Griffin na Uku, wanda Washington ta ɗauka na biyu a 2012, ya girgiza gasar a shekararsa ta farko, sai jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke a wasa da Seattle a Janairun 2013. Ya dawo, amma saurin bai dawo da shi ba, kuma a kan saurin aka gina komai. Ƙarshensa ya zama mai jiran ko-ta-kwana a bayan Lamar Jackson. Cam Newton ƙato ne mai ture masu tsaro da kafaɗa, gwarzon 2015, amma kafin ya cika shekara 31 kafaɗa da ƙafa sun gaji, Carolina ta sallame shi. Jifa kamar gero ne, ana iya zuba shi a rumbu a ci shekaru. Gudu kuwa tumatir ne, in ba ka sayar da shi yana ɗanye ba, ka yi asara.

A nan ne kuɗi ke shigowa, domin tsarin gasar ya hana shi sayarwa yana ɗanye.

Kafin 2011, wanda aka ɗauka na ɗaya yakan yi cinikin albashinsa yadda ya iya. Sam Bradford a 2010 ya sa hannu a kwantiragin shekara shida na dala miliyan 78, miliyan 50 daga ciki garanti. A 2011 masu ƙungiyoyi da ƙungiyar 'yan wasa suka ƙulla sabuwar yarjejeniya da ta ƙayyade albashin sababbin shiga. Cam Newton, na ɗaya a wannan shekarar, dala miliyan 22 ya samu na shekara huɗu. Gurbi ɗaya, tazarar shekara ɗaya, garantin ya faɗi ƙasa da rabi. Tun daga nan sabon shiga yana ɗaure shekara huɗu a farashin da aka riga aka yanke. In a zagayen farko aka ɗauke shi, ƙungiya na da ikon ƙara shekara ta biyar. Bayan wannan ma tana iya riƙe shi da wata ƙa'ida ta kwantiragin shekara ɗaya wadda ke hana shi shiga kasuwa kai tsaye. Ku lissafa: ya shigo yana ɗan 21 ko 22, ba zai samu cikakken 'yancin ciniki ba sai ya doshi 27 ko 28. Ga mai jifa wannan farkon ganiyarsa ne. Ga mai gudu kuwa, shekarun da ƙafarsa ta fi daraja su ne aka saya da araha, kuma mai horarwar da ke tsoron kora ba shi da dalilin tattala ta.

Jackson ya bi wannan hanya har ƙarshenta. Ya yi shekara biyar, rauni ya hana shi ƙarasa kakar 2021 da ta 2022. A Maris 2023 Baltimore ta ɗaure shi da irin ƙa'idar da ke ba sauran ƙungiyoyi damar taya shi, in sun yarda su biya diyyar guraben zagayen farko biyu. Gwarzon shekara, ɗan shekara 26, amma ba ƙungiya ɗaya da ta taya. Shekara guda kafin nan Cleveland ta ba Deshaun Watson dala miliyan 230 garanti gaba ɗaya, abin da ya ɓata wa sauran masu ƙungiyoyi rai. A ƙarshe Jackson ya daidaita da Baltimore a kan dala miliyan 260 na shekara biyar, miliyan 185 garanti. Ku riƙe kalmar garanti. A NFL sauran kuɗin da ba a lamunce ba alkawari ne kawai, ranar da ƙungiya ta sallame ka ya bi iska.

To mu ɗauki miliyan 260 ɗin mu bi ta. A raba biyar, miliyan 52 ke nan a shekara. Gwamnatin tarayyar Amurka tana karɓar kashi 37 cikin ɗari a matakin ƙoli, kuma mai irin wannan albashi kusan duk kuɗinsa a matakin ƙoli yake. Harajin asusun lafiyar tsofaffi ya ƙara kashi 2.35. Jihar Maryland, inda Baltimore take, da ƙaramar hukumar da yake zaune su ma suna karɓar abin da ya haura kashi 8. Kun ga an doshi rabi tun kafin a sayi ko takalmi. Wakilin ɗan wasa kan karɓi har kashi 3, iyakar da ƙungiyar 'yan wasa ta yanke. Jackson bai ɗauki wakili ba, shi da mahaifiyarsa suka yi cinikin. An yi masa surutu sosai a kan haka, amma kashi 3 na miliyan 260 dala miliyan 7.8 ne. Ƙari a kan haka, tun dokar haraji ta 2017 ɗan wasa ba ya iya cire ladan wakili daga kuɗin da za a yi masa haraji a kai, kuma an taƙaita abin da zai iya cirewa na harajin jiha ƙwarai. Wato yana biyan haraji har a kan kuɗin da bai taɓa kwana a hannunsa ba.

Jihohi kuwa sun sha bamban. Filorida, Teksas, Tenesi, Nebada da jihar Washington ba sa karɓar haraji a kan albashi, kuma ƙungiyoyi takwas na zaune a cikinsu: Miami, Tampa Bay, Jacksonville, Dallas, Houston, Tennessee Titans, Las Vegas da Seattle. Kalifoniya tana karɓar kashi 13.3 a ƙoli. New Jersey, inda Giants da Jets ke wasa duk da sunan New York da suke ɗauke da shi, kashi 10.75. A albashin miliyan 50, tazarar Kalifoniya da Filorida ta kai miliyoyin daloli duk shekara. Lokacin da Tyreek Hill ya bar Kansas City a 2022, ya faɗa da bakinsa cewa harajin jiha na cikin abin da ya sa ya zaɓi Miami ya bar Jets.

Shi Hill ya samu zaɓi. Sabon shiga ba shi da shi. A tsarin gasar, ƙungiyar da ta fi kowa faɗuwa bara ita ke fara zaɓe bana, kuma duk wadda ta kira sunanka can za ka tafi, ko ka zauna a gida. Yara biyu da aka ɗauka a gurabe masu maƙwabtaka albashinsu kusan ɗaya ne a takarda, amma in ɗaya ya faɗa Houston ɗaya ya faɗa Los Angeles, abin da za su kai gida ba ɗaya ba ne. Ƙungiyar Los Angeles kuma ba za ta cike masa giɓin ba ko da ta so, saboda albashin sabon shiga ƙayyadadde ne, sannan kowace ƙungiya tana da iyakar abin da za ta kashe a kan 'yan wasanta, dala miliyan 279.2 a kakar 2025, kuma da kuɗin da ba a cire wa haraji ba ake lissafa iyakar. Ku kwatanta da ƙwallon ƙafar da muka sani. Ahmed Musa ya yi wasa a Leicester, a Ingila inda matakin ƙoli kashi 45 ne, a 2018 ya koma Al-Nassr a Saudiyya inda ba a cire haraji a albashi. Ɗan ƙwallon ƙafa yana da ƙasashe da dama da zai auna, a Italiya ma albashin da ya rage bayan haraji jaridu kan buga. Ɗan NFL kasuwa ɗaya gare shi a duniya.

Sai harajin baƙo, wanda shi ne ya fi ba mutanenmu mamaki. A Najeriya jihar da kake zaune ita ke karɓar harajin albashinka. A Amurka jihar da ka yi aiki a cikinta ma tana da haƙƙi, ko da kwana biyu ka yi. Dokar ta daɗe, amma abin ya yi ƙamari ne a 1991, bayan Chicago Bulls ta doke Los Angeles Lakers a wasan ƙarshe na ƙwallon kwando, Kalifoniya ta aika wa Michael Jordan da abokansa takardar haraji. Jihar Illinois, inda Chicago take, ta rama da dokar da ke cajin 'yan wasan duk jihar da ke cajin nata. Sauran jihohi da wasu birane suka ga ashe akwai romo. Ɗan kasuwar da ya shigo gari taron kwana biyu da wuya a gano shi, amma ɗan wasa jadawalinsa a jarida yake, albashinsa sananne ne, an kuma gan shi a talabijin.

Da ranakun aiki ake lissafin. A ƙidaya duk ranakun da ya yi aiki a shekara, atisaye da taro da wasa, a ga nawa suka faɗo a jihar. Mu ƙaddara ranakun 200 ne, biyu ya yi a Kalifoniya, albashinsa miliyan 50. Kashi ɗaya cikin ɗari ke nan, dala 500,000, kuma haraji a kanta ya haura dala 60,000, na zuwa ɗaya. Jihar da yake zaune takan rage masa abin da ya biya a waje, amma in a Filorida yake babu abin da za a rage daga ciki, ƙari ne zalla. Ɗan wasa ɗaya yakan cike takardun haraji na jihohi da birane goma ko fiye a shekara. In ƙungiyarsa ta je wasa Landan, hukumar harajin Birtaniya ma tana jira.

Birnin Cleveland ya so ya wuce gona da iri. Maimakon ranakun aiki sai ya riƙa ƙidaya da yawan wasanni, ta yadda wasa ɗaya cikin ashirin zai ba shi ikon yin haraji a kan kashi biyar na albashin shekara. Hunter Hillenmeyer na Chicago Bears ya kai ƙara. Jeff Saturday na Indianapolis shi ma ya kai, domin an caje shi harajin wani wasa na 2008 da ko garin bai je ba, yana gida yana jinyar rauni. A 2015 kotun ƙoli ta jihar Ohio ta ba su gaskiya su biyun.

Misalin da ya fi haɗa tambayoyina biyu shi ne na Cam Newton. A Fabrairun 2016 ya kai Carolina wasan Super Bowl a Santa Clara, cikin Kalifoniya, Denver ta doke su 24 da 10. Ladan kowane ɗan wasa a ɓangaren da ya faɗi dala 51,000 ne. Amma ranakun da ya kwashe a jihar yana shirin wasan an lissafa su a kan duk abin da ya samu a shekarar, ga shi kuma a lokacin yana cin sabon kwantiraginsa na sama da dala miliyan 100, sannan jadawalin kakar ya sake kai su Los Angeles da Oakland. Akantocin da suka yi lissafi sun nuna harajin da Kalifoniya za ta karɓa a hannunsa ya zarce ladan wasan.

Na san wani zai ce, to malam, wa zai tausaya wa wanda kimanin miliyan 27 ke rage masa a shekara bayan haraji? Ni ma ban nemi a tausaya masa ba, kuma ban ga laifin a karɓi haraji mai nauyi a hannun mai samu da yawa ba. Filayen da suke wasa a ciki da yawansu da kuɗin jama'a aka gina su. Inda nake ganin rashin daidaito shi ne wajen lokaci. Tsarin haraji mai hawa mataki-mataki yana duban shekara ɗaya ne, ba ya duban rayuwa. Likitan da zai samu dala miliyan goma cikin shekara talatin, kaso mai yawa na kuɗinsa a ƙananan matakai za a yi masa haraji. Yaron da zai samu miliyan goman nan cikin shekara huɗu sannan gwiwa ta tsaya, kusan dukkanta a matakin ƙoli za ta faɗa. Dokar Amurka ta taɓa barin mai irin wannan samu ya baje shi a kan shekaru da dama wajen lissafi, amma gyaran 1986 ya soke wannan. Matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba, mafi ƙarancin albashin sabon shiga a 2025 kuma dala 840,000 ne. Jackson da Allen su ne 'yan tsirarun da suka haye. Mafi yawan masu gudu ba sa ganin kwantiragi na biyu, kuma duk wanda sana'arsa ta fi gajarta, wannan tsari ya fi cizonsa.

Abu ɗaya ya sauya lissafin kwanan nan. Tun Yulin 2021 an halatta wa ɗan wasan jami'a ya karɓi kuɗi da sunansa da hotonsa, a 2025 kuma aka amince jami'o'i su biya 'yan wasansu kai tsaye, har kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace makaranta a shekarar farko. Kwatabak mai gudu wanda masu sa ido suka ce sai a zagaye na biyar ko na shida za a ɗauke shi, yanzu yana iya samun fiye da albashin sabon shiga in ya ƙara shekara a jami'a, inda ƙafarsa ta fi tasiri. Yana kuma iya sauya makaranta, wato yana iya zaɓar jihar da zai zauna, abin da NFL ba za ta bar shi ya yi ba. Haraji na nan yana jiransa a can ma, sau da yawa ma ba a cire masa tun daga tushe, shi zai tara ya biya da kansa. Amma a jami'a ne kaɗai ɗan shekara ashirin mai sauri yake da bakin yin ciniki a kan saurinsa.

A nan zan dakata, in akwai masu tambaya bismillah.